Kwabon Heluma Ya Tafi Bububu

Bari in fara da wautar da na tafka, tunda Umma ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa, ita kuwa in ta faɗa sai ta ƙara gishiri. Ni, Nura, ni ne na nuna wa Kaka hoton nan. A makaranta aka ba mu aikin gida a kan tsofaffin garuruwan bakin teku. Ina ta latse-latse a waya sai na ci karo da wani tsohon hoto marar kala: ɗan ƙaramin jirgin ƙasa yana tuƙa hayaƙi a cikin wani matsattsen lungu, mutane da fararen riguna sun manne da bango suna ba shi hanya. Akwai rubutu a ƙasan hoton. Ban karanta ba. Lungun ya yi mini kama da na bayan gidanmu a unguwar Al Ras, nan Dubai, sai kawai na miƙa masa wayar na ce, "Heluma, ga unguwarmu a da."

Iyakar abin da na yi ke nan. Layi ɗaya na rubutu na ƙi karantawa, sai da ya kusa hana tsoho zuwa asibiti.

Ku da kuka san shi ba sai na zana muku shi ba, amma saboda waɗanda suka zo Dubai bayansa: kakana ne na wajen uba. Sunansa na yanka Garba, sai dai rabon da in ji an kira shi da shi tun ranar da aka duba fasfonsa a filin jirgi. Heluma kowa ke ce masa, wato shugaban leburori a aikin reluwe. Gaskiyar magana bai taɓa zama heluma ba. Mai duba layin dogo ne, a ƙafa. Shi ya naɗa kansa bayan jirgi ya daina bin layinsu, ya ce tunda kowa ya watse, muƙamin a kansa ya faɗo. Ni kuwa Lebura yake kirana, don a cewarsa heluma ba ya yiwuwa ba lebura.

Gudumar nan tasa fa, wa zai manta da ita? Siririya mai doguwar ƙota, ita ce sandarsa, ita ce kunnensa na uku. Duk abin da ya ci karo da shi sai ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ya ce, "Tsaya in ji." Kankana a kanti, tsaya in ji. Firjin Umma, tsaya in ji. Ƙofar lif, tukunyar gas, tayar motar maƙwabcinmu, duk sun sha. Ranar da na kawo sakamakon jarrabawar lissafi ko kallon takardar bai yi ba. Ƙotar ya juyo ya ɗan taɓa ƙeyata.

"Tsaya in ji."

Ya karkata kai, ya ɗaga yatsa.

"Sani," ya ce wa Abba, "wannan taragon ba kaya a ciki."

Ciwon zuciya ne ya sa Abba ya ɗauko shi daga Zariya. Ranar farko a asibiti, likita ya ɗora masa abin sauraron ƙirji, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa alamar kowa ya yi shiru. Wallahi idon Kaka har haske ya kawo.

"Lebura, tambaye shi a wane layi ya yi aiki."

Likita ya yi dogon bayani da Turanci, Abba yana gyaɗa kai, fuskarsa tana sauyawa. Kaka ya katse su.

"Ya ji tsaga?"

"Ya ji, Baba. Sai an yi tiyata."

"To ya iya aiki. Ni ma na daɗe da jin ta."

Aka sa ranar tiyata nan da 'yan makonni, aka ce ya riƙa shan magani yana ɗan tattaki. Ɗan tattaki fa aka ce!

Ni kuma don in burge shi sai na kai shi Metro. Na ce mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a reluwe, yau zai ga jirgi. Muna shiga ya kama hanyar gaba yana ratsa mutane, wai zai gaida direba, don ba a shiga jirgin mutum ba sallama. Bai tsaya ko'ina ba sai tsakiyar ɓangaren mata. Wata mata tana nuna masa alamar da ke ƙasa tana cewa, "Baba, baba, ladies," shi kuma yana amsa mata da, "Lafiya lau, ya yara?" Ya leƙa gilashin gaba. Ba kowa.

"Ina direban?"

"Babu, Heluma."

"Ya sauka salla?"

"Babu shi sam. Na'ura ce."

"Mai tuta fa? Mai zuba gawayi?"

"Duk babu."

Ya dube ni, ya dubi matan da ke zaune kowa da wayarta, ya ce innalillahi. Sai ya kafa ƙafa a gaban gilashin ya zuba wa layin ido, wai dole a sami mutum ɗaya mai hankali da ke kallon hanya. Da ƙyar na janye shi kafin a ci mu tara. Da muka dawo gida Abba ya tambaye shi yadda ya ga jirgin Dubai.

"Wane jirgi? Lif ce aka kwantar da ita."

Sai maganar kwabon, wanda shi ne tushen komai. A wuyansa akwai wani faifan tagulla mai huji a tsakiya, kamar tsohon kwabo, a igiyar fata. Da yawanku kun zaci laya ce. Ba laya ba ce. Ga yadda aikinsu yake: mutum biyu ke duba layi tsakanin tasha da tasha. Wannan ya taso daga nan, wancan ya taso daga can, kowa yana tafe yana ƙwanƙwasa dogo yana sauraro. In sun haɗu a tsakiya sai su yi musayar kwabo, kowa ya koma da na ɗan'uwansa. Da shi za ka nuna wa manya cewa da gaske ka taka layin, ba gindin mangwaro ka samu ka miƙe ba. Sai ka miƙa kwabonka kake sauka daga aiki.

Wata rana, lokacin Abba yana firamare, Kaka ya je tsakiya bai ga abokin aikinsa ba, wani wai shi Tanko. Washegari ma haka. Ashe an daina bin layin, Tanko ya ji labari ya koma noman gyaɗa, shi kuwa yana can daji yana buga ƙarfe. Da ya gaji ya koma tasha, sai ya tarar da kwaɗo a ƙofa da akuya a kan benci.

"To Heluma, ai sai ka jefar da shi," na ce masa.

"In jefar? In aka tambaye ni fa?"

"Wa zai tambaye ka?"

"Kai dai lebura ne."

Wannan mutumin na miƙa wa hoton. Ya sa tabarau, ya ƙura masa ido har wayar ta mutu, na kunna masa, ya sake ƙurawa.

"Wa ke duba wannan layin?"

"Ai an cire shi tuntuni," na ce, don in rufe zancen.

"Wa ya gaya maka? Namu ma haka suka ce, yana nan a kwance ciyawa ce ta rufe shi."

Washegari da safe na fito zan tafi makaranta, na tarar da shi a bakin ƙofa cikin tsohuwar rigarsa ta kaki, guduma a hannu.

Jama'a, Al Ras ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Kun dai san lungunan nan: buhunan citta da busasshen lemo har kan hanya, masu amalanke suna kai da kawowa ba su san birki ba. A nan Kaka yake sunkuyawa a tsakiyar hanya yana ƙwanƙwasa ƙasa. Mai amalanke ya taho da kaya har sama yana ihu, "Yalla baba, yalla!" Kaka ya ɗaga masa yatsa: "Tsaya in ji." Kuma abin mamaki sai ya tsaya. Na bayansa ya tsaya. Na bayan wancan ma ya tsaya. In na dawo daga makaranta ba na tambayar inda yake, cunkoso kawai nake bi.

Kullum da abin da yake ganowa. Ran nan murfin magudanar ruwa. Ran nan wani lungu da ya lanƙwasa, ya ce jaki ba ya buƙatar irin wannan kwana, jirgi ne ya yi ta. Ran nan kuma ya sami wani dogon ƙarfe a kwance a bakin wani shago, ya aika a kira ni da gudu. Na tarar da Illiya, mutumin Maraɗin nan mai harkar kago, wato aika kaya ƙasashe, yana ta fama da shi.

"Mais non, Baba! Ƙarfen da ƙofar shago ke gudu a kai ne. A gabana aka sa shi bara."

Kaka ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan ina ne ma?"

"Maraɗi."

"To me ya haɗa ka da maganar jirgin ƙasa?"

Illiya ya riƙe baki ya ce wallahi yau an ci mutuncin ƙasa guda.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne mutane sun fara yarda. Mai shayin kusurwa ya ce shi ma ya taɓa jin haka. Wasu Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗauki hoton murfin magudanar. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya rantse a masallaci cewa wani Balarabe ya gaya masa har tasha an yi a bakin ruwa, da aka bi diddigi sai aka ga Balaraben a wajen Kaka ya ji, Kaka kuma a wajena. Har ni na fara ganin layin. Ina tafiya sai in ga kamar ƙasa ta ɗan tasa a wani wuri, in tsallake.

Dariyar ta ƙare ne ranar da Abba ya ce a haɗa masa jaka, jibi za a kwantar da shi.

"Ba zan kwanta ba," in ji Kaka. "Ina kan aiki."

"Baba, wane aiki? Zuciya ce fa."

"Na sani, da kunnena na ji ta. Amma ga layi an bari ba mai dubawa. In na kai tsakiya na sami wanda zan miƙa wa kwabo, a yanka ni yadda ake so."

"Baba, don Allah..."

"Sani." Ya kama igiyar wuyansa. "Za su sa mini allurar barci. In ban farka ba fa? In tafi da abin mutane a wuyana ban miƙa ba? Shekara da shekaru ba inda zan kai shi, yanzu Allah ya kawo layi har ƙofar gida."

Abba ya kau da kai daga Kaka. Ni ya juyo ya kalla, irin kallon da ke sa mutum ya tuna duk abin da ya aikata tun yaye. Na shige ɗaki na nemo hoton, na karanta rubutun da ke ƙasa. Zanzibar! Wani tsibiri can gabashin Afirka. Ko kusa da Dubai bai yi ba.

Na fito na durƙusa a gabansa na faɗi gaskiya. Ya saurare ni har na gama.

"Da farko ka ce nan ne. Yanzu ka ce can ne."

"Kuskure na yi, Heluma."

"To na farkon na ɗauka. Shi ka faɗa kafin ubanka ya harare ka."

Aka ɗaga ranar tiyata. Likita ya ce in aka sake ɗagawa akwai haɗari. Mu ma muna gani da idonmu: da, sai ya zaga unguwa kafin ya zauna, yanzu ɗan taku kaɗan sai ya jingina da bango yana haki, ya ce wai bangon yake saurare. Umma ta daina yi masa tsiya. Ni na daina cin abinci, ko dai in ce na rage.

Inda yake zama ya huta shi ne shagon wani dattijo mai sayar da kayan ƙamshi, Mzee Salum. Mzee a yarensu tsoho ke nan. Abota ce mai ban mamaki: Kaka ya yi Hausa, shi ya yi Swahili, su tuntsire da dariya tare, kowa da abin da ya ji. Ban taɓa tambayar daga ina yake ba. Ranar wata Alhamis na je ɗauko Kaka, na tarar da shi zaune a kan buhu yana mai da numfashi. Don takaici na nuna wa Mzee hoton, na ce masa da guntun Larabcina ya taimaka ya gaya wa abokinsa wannan ba Dubai ba ce.

Mzee ya karɓi wayar. Ya matso da ita, ya nisanta ta. Sai ya dafe ƙirji.

"Malindi!"

Ashe unguwarsu ce a birnin Zanzibar, can aka haife shi. Ya ce shi bai ga jirgin ba, an cire shi tun kafin a haife shi, amma mahaifinsa ya sha ba su labari. Daga bakin teku yake tashi, ya kutsa cikin gari ta lungunan da ko raƙumi sai ya yi tunani, ya tafi wani ƙauye wai shi Bububu. In ya taho sai kowa ya faɗa zauren da ya fi kusa da shi, tartsatsin wutarsa kuma ba ruwansa da rufin ɗaki ko shanyar mutane.

Na fassara wa Kaka duka, har da ƙari. Na ce yau magana ta ƙare. Ya kalli gudumarsa.

"Tambaye shi, tsakanin nan da can me ke akwai?"

"Teku, Heluma."

"To layin ya fi yadda na zata tsawo."

Sai ya ce a saya masa tikiti. Abba ya ce ko matakalar jirgin sama likita ba zai bari ya hau ba. Kaka ya ce to shi ma ba zai hau gadon likita ba. Nan aka tsaya, kowa ya ja tunga, har Mzee Salum ya tuna yana da ɗan ƙane a can, Juma, ɗan acaɓa, kuma yana da waya mai bidiyo.

Ranar Asabar bayan la'asar muka hallara a shagon. Kaka a kan buhu cikin rigar kaki, Abba a tsaye yana duba agogo, Illiya ya zo kallo. Tsarin aikin shi ne: Kaka ya faɗa da Hausa, ni in mai da shi Larabci da Turanci a gauraye, Mzee ya mai da shi Swahili, Juma ya aikata. Amsa kuma ta biyo ta hanyar da saƙo ya bi. Duk maganar da ta shiga wannan bututu, Allah kaɗai ya san da kamannin da take fita.

Juma ya bayyana, saurayi mai fara'a, haƙora a waje, yana ɗaga mana hannu.

"Ka ce masa ba fuskarsa na zo dubawa ba. Ƙasa!"

Saƙo ya tafi ya dawo. Juma ya nuna mana sama.

Da aka daidaita, sai ga lungunan Malindi a tafin hannun Kaka: dogayen gidaje masu tsofaffin ƙofofin katako, yara da keke, kyanwa, wayoyin lantarki a harɗe. Ko alamar dogo babu. Kaka ya ce ya ƙwanƙwasa. Juma ba shi da guduma, sai ya ciro sifana daga ƙarƙashin kujerar babur. Matsalar ita ce in Kaka ya kara wayar a kunne don ya ji, ba ya gani; in ya dawo da ita gabansa don ya gani, ba ya ji. Haka ya riƙa yi, kunne, ido, kunne, ido.

"Tsaya in ji!"

Wata mata da ta zo sayen kirfa ta tsaya da kuɗinta a hannu. Daga can wata duniya muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai muryar wata tsohuwa ta tashi kamar jiniya, hoton ya hau rawa, muka ga takalman Juma suna gudu. Ashe dokin ƙofarta yake bugu.

"Me ta ce?" in ji Kaka.

"Tana gaishe ka," na ce.

A gaba suka iso wani wuri da lungun ya buɗe ba dalili, kusurwar wani gida kuma kamar an yanke ta da wuƙa. Kaka ya miƙe tsaye.

"Ga ta nan! Kwana ce. An aske gidan ne don tarago ya wuce."

Mzee ya ce a'a, mahaifinsa ya ce ta bayan masallaci jirgin yake bi. Kaka ya ce ai mahaifin Mzee fasinja ne, fasinja kuwa ba ya sanin inda aka bi da shi. Mzee ya faɗi wata magana mai tsawo yana nuna Kaka da cokalin awo. Ni ina tsakiya gumi yana karyo mini.

"Me ya ce?"

"Ya ce kai ƙwararre ne."

"To me ya sa yake zare ido?"

"Haka suke yabo a can."

Sai ga wata rumfar mai matse ruwan rake, an tokare ta da wani tsohon ƙarfe mai tsatsa. Juma ya buga shi, ya yi wata ƙara mai daɗi, doguwa. Kaka ya lumshe ido ya ce wannan dogo ne, ko a mafarki ya san muryarsa. Mai rake ya ce daga jikin tsohon jirgin ruwa kakansa ya ciro shi. Mzee ya ce ƙarfen gado ne. Illiya ya buɗe baki zai sa nasa, Kaka ya ce, "Maraɗi, yi shiru." Har yau ban san wanda ke da gaskiya ba. Juma dai ya sha ruwan rake a gabanmu, mu muna haɗiyar yawu.

Daga nan ya maƙale wayar a aljihun gaba ya hau babur, ya kama hanyar Bububu. Muka yi ta kallon bayan motoci da guntun teku yana leƙowa tsakanin gidaje. Kaka ya koma kan buhunsa. Na lura yana haki, leɓensa ya bushe. Abba ya daina duba agogo, shi yake dubawa.

Juma ya tsaya a gefen titi, ya gangara. Sai ga wasu kututturan gini biyu na dutse, baƙi ƙirin don tsufa, suna fuskantar juna a kan wani ɗan rafi. Ba komai a tsakaninsu. Gada ce da babu gada. An shanya zannuwa a kan ɗaya, akuya tana tsaye a kan ɗayan.

Wannan karon ba wanda ya yi musu. Kaka bai ma ce a ƙwanƙwasa ba. Ya daɗe yana kallo.

"Har da akuyar," ya ce a hankali. Sannan ya ɗaga murya. "Nan ne tsakiya."

"Ta yaya ka sani, Heluma?"

"Na gaji. Kullum a tsakiya nake gajiya."

Ya tura hannu cikin riga ya zaro igiyar ta kansa. Tunda nake ban taɓa ganin wuyansa ba ita ba. Ya manna kwabon a fuskar wayar, daidai kan hancin Juma.

"Karɓi."

Muka kalli juna. Juma ya kalle mu. Mzee ne ya cece mu, ya miƙo tafin hannu biyu ya ce wata 'yar'uwarsa za ta tafi gida sati mai zuwa, zai ba ta ta kai masa hannu da hannu. Kaka ya yi tunani, ya ce dokar aiki ba ta hana ba. Ya saka masa a hannu, ya ce a gaya wa yaron shi ma ya aiko da nasa, haka ake yi. Saƙo ya shiga bututu. Juma ya yi murmushi ya ce inshallah.

Sai Kaka ya gyara rigar kaki, ya ƙame kamar yana gaban manya.

"Rahoton yau. Layi lafiya lau, sai dai babu shi." Ya juya wajen Abba. "Na sauka. Kira mutumin naka mai sauraro."

Abba ya fita waje da waya a kunne, ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo ya ce wai barkonon shagon ne ya shigar masa ido.

An yi tiyata, an yi nasara. Da ya farka abin da ya fara yi shi ne shafa wuyansa, sai ya yi murmushi ya koma barci. Ya dawo gida ya yi azumi tare da mu, ko da yake likita ya hana, ya yi Salla, ya ci naman da aka ce kada ya ci. Gudumar kuwa ya jingine ta a bayan ƙofa bai ƙara ɗauka ba. Na kawo masa kankana na ce ya ji mana, ya ce shi ya yi ritaya, in nemi ma'aikaci. Abu ɗaya kawai yake tambaya in na dawo daga makaranta: "Lebura, na yaron nan ya iso?" In ce tukuna. Ya ce ba komai, hanyar da nisa.

Wata safiya bayan ya karya kumallo ya ce zai ɗan kishingiɗa. Umma ce ta je tashinsa. A maƙabartar Al Quoz aka kai shi, da yawanku kuna wurin. Masu amalanke ma sun zo, su da ba su san ko sunansa ba.

Allah Ya jiƙan Heluma. Allah Ya karɓi abin da ya miƙa, Ya yafe masa abin da ya manta, Ya sa ya sauka a tasha mai inuwa. Mu da muka rage a kan layi, Allah Ya sa mu ma mu miƙa namu lafiya. Amin.

Kwabon ya isa hannun Juma. Bai gane ko na mene ne ba, sai ya maƙala shi a makullin babur ɗinsa, kullum yana bin hanyar Bububu da shi, zuwa da dawowa. Nasa saƙon ya iso bayan rasuwar da kwana kaɗan. Ƙullin kanumfari ne, aka kawo mana shi har Al Ras, inda ake sayar da kanumfari buhu-buhu. Da shi Umma ta dafa shayin da kuka sha ranar addu'a.